Injin Wankin Ƙoda Ba Ya Wanke Damuwa

Ko shakka babu, samun sashen wankin ƙoda a Babban Asibitin Gumel sauƙi ne babba ga jama'ar ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda a da sai sun niƙi gari zuwa Kano. Amma akwai wani ɓangare na wannan jinya da ba a cika kula da shi ba, shi ne halin da zuciya da ƙwaƙwalwar majinyaci suke shiga.

Ciwon sukari yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙoda, domin yana lalata ƙananan jijiyoyin jini. To, irin waɗannan jijiyoyi ne suke ciyar da ƙwaƙwalwa. Ashe ke nan ɓarnar da ta kai mutum ga inji tana iya taɓa tunaninsa. Haka kuma ƙarfin jini yakan faɗi a lokacin wanki, abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Sa'an nan idan ƙoda ta gaza, allurar insulin takan daɗe a jiki fiye da da, sukari ya yi ƙasa, mutum ya ruɗe.

Sai kuma ciwon damuwa. Bisa ƙa'ida ana wanki sau uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. A dubi magidancin da ya saba cin kasuwar Maigatari kowace Alhamis, yau ga shi an ƙayyade masa ruwan sha, an rage masa gishiri, kuɗin mota ma sai 'ya'ya sun haɗa. Wanda damuwa ta kama yakan bar magani, ya tsallake ranar wanki. Mai mantuwa kuwa yakan yi allura sau biyu, ko ya manta da ita. Ta haka kowace cuta take hura wutar 'yar'uwarta.

Abin takaici, a gida sai a ce tsufa ne, ko sammu, ko ƙarancin tawakkali. Alhali kuwa damuwa ciwo ce mai magani, kuma ruɗewar da ƙarancin sukari ya jawo tana warwarewa idan an gano ta da wuri.

A shekarar 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Bisa ga haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da ta horar da ma'aikatan jinya na sassan wanki su riƙa tambayar majinyaci barcinsa da cin abincinsa da tunaninsa, kamar yadda suke auna nauyinsa. Awa huɗu a kan gado ta isa a yi wannan.

Su kuma iyalai, a sa mutum ɗaya tsayayye ya riƙe magani da ranakun wanki. In dattijo ya yi shiru fiye da ɗabi'arsa, ko ya fara maimaita tambaya, a gaya wa likita a zama na gaba, kada a jira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.