Ina Hotunan Jiragen da Suka Koyar da Matuƙanmu?

Jama'a, akwai wani aiki da masu sha'awar jiragen sama suke yi a kwamfuta, wanda ya kamata mu sa ido a kansa. A cikin shirye-shiryen kwaikwayon tuƙin jirgi, irin su Microsoft Flight Simulator da DCS World, mutum yana zaune a ɗakinsa zai tashi jirgi, ya kewaya, ya sauka. Jirgin yakan zo da fentin ƙasar da masu shirin suka zaɓa. Wanda bai gamsu ba sai ya sake masa fenti. Ana shimfiɗa masa jikin jirgin a allo kamar fatar rago da aka feɗe aka shanya, ga fiffike, ga wutsiya, ga ciki. Ya bi kowane sashe da launi da lamba da tambari, sa'an nan shirin ya mai da fatar jikin jirgin.

To, mu ma muna da tsofaffin jiragen koyo da suka cancanci wannan hidima. An kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya cikin 1964. Cikin 1967, da yaƙin basasa ya ɓarke, aka kawo mana L-29 Delfin, ƙirar kamfanin Aero na Cekoslobakiya ta wancan zamani. Jirgin koyo ne mai kujera biyu, ɗalibi a gaba malami a baya, amma larura ta sa aka ɗaura masa makamai ya shiga fagen daga. Daga baya Alpha Jet ya zo a farkon shekarun 1980, sai L-39 Albatros cikin 1986, wanda ya yaye matuƙa da yawa a makarantar koyon tuƙi ta Kano.

Wahalar ita ce mai fenti ba ya aiki da ka, sai da hoto. Delfin an ƙera fiye da 3,000, hotunan na Rasha da na Turai kuwa ko'ina ka juya ga su. Namu kaɗan ne suka fito fili, da yawansu kuma baƙi da fari ne, inda kore da ruwan ƙasa duk sukan koma toka-toka. Ko mai launin ma yana ruɗi, domin ranar Kano da ƙurar hunturu sukan koɗar da fenti, takardar hoton ita ma ta koɗe. Sai mai fenti ya cike giɓin da zato. Mu da muke zaune unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo mun san ba a cewa doki kurum, sai a ce akawali ne, ko kili, ko danda. Wanda ya zana akawali fari ai ya canza dokin ɗungum. Haka yaron da ya tashi Delfin a kwamfuta da kore-fari-kore a inda ba nan yake ba, ko da lambar da ba tasa ba, zai ɗauka abin da kakanninsa suka tuƙa ke nan, kuma kuskuren zai yi ta yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Hotunan gaskiya, a ganina, suna cikin akwatunan ƙarfe na tsofaffin matuƙa da makanikai, a Kaduna da Kano da Makurɗi, har da garuruwanmu na Taraba da suka ba ƙasa soja masu yawa. Wanda ya kama aiki cikin 1967 yana ɗan shekara 20, yau yana dab da 80. Gidan tarihin yaƙi na Umuahiya ya adana MiG-17 da Il-28, amma ƙarfen da ya daɗe a rana ba ya faɗin launinsa na asali. Makanikin da ya goge shi da hannunsa shi zai faɗa.

Saboda haka mai irin wannan dattijo a gida, ya roƙe shi ya buɗe akwati. A ɗauki hoton da waya a inuwa, gaba da baya. A tambaye shi shekara, da filin jirgin, da lambar da ke bayan haruffan NAF, da launin cikin jirgin da na bayansa, a rubuta da fensir a bayan hoton, don tawadar biro takan huda takarda.