Koyon Sana'ar Feɗe Matattun Na'urori

 Akwatin rediyon da a ke jin wannan hira da shi, ko wayar hannu in ita ce, wata rana zai mutu. Haka firji, haka talabijin, haka kwamfuta. Ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da su ke ƙididdigar irin wannan shara sun ce a cikin shekarar 1 kawai, watau 2022, duniya ta zubar da matattun kayan lantarki masu nauyin tan miliyan 62. A cikin kowane kashi 100, kashi 22 kaɗai aka tabbata an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida. Sauran kuwa wasu suna jibge a ɗaka, wasu a juji, wasu kuma sun faɗa hannun 'yan gwangwan da masu guduma. A kan waɗannan mutane hirar yau ta ke, da irin ilmin da ya kamata a ba su, da kuma wanda ya kamata a fara ba shi a cikinsu.

Wanda ya san Ankara, babban birnin Gana, ya san Agbogbloshie, a bakin kogin Odaw kusa da inda ya ke zuba cikin tafkin Korle, daura da unguwar Old Fadama. Shekara da shekaru, har zuwa 2021, nan ne babbar kasuwar tsofaffin ƙarafa ta birnin. Yawancin ma'aikatan wurin samari ne daga arewacin ƙasar, Dagombawa sun fi yawa, ana kuma jin Hausa a bakin masu ciniki kamar yadda a ke jin ta a kowane zango. Jaridun Turai sun yi ta buga hoton wurin, da baƙin hayaƙi da yara a cikin toka, har a 2013 wata ƙungiya ta Amurka ta sa shi cikin wurare 10 da su ka fi ƙazanta a duniya. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wai Turawa ke kwaso shararsu suna jibgewa a can. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Binciken da aka yi a kan kayan lantarkin da su ka shiga Gana a 2009 ya nuna sun kai tan 215,000, kashi 70 cikin 100 kwance ne, amma mafi yawan kwancen nan suna aiki ko suna gyaruwa. Mutanen gari su ka saya, su ka mora, sa'an nan kayan su ka mutu a hannunsu. Ashe ko da an toshe tashar jirgin ruwa ta Tema gobe, sharar ba za ta ƙare ba, don a cikin gida a ke haifar ta. Lalle ne dai a sami masu feɗe ta, kuma su iya.

Kalmar fiɗa ta dace da wannan aiki ƙwarai. Yaron mahauci, tun bai iya riƙon wuƙa sosai ba, a kan nuna masa matsarmama, a ce masa ya cire ta a hankali, don in ta fashe ta ɓata hanta. Kowace na'ura tana da tata matsarmama. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, gilashinta na baya yana ɗauke da dalma da ta kan kai kilo 1 ko 2. Allon kwamfuta mai faɗi na farko-farko yana da 'yan siraran fitilu masu zaiba a ciki, waɗanda in sun fashe sai zaibar ta bi iska mutum ya shaƙa bai sani ba. Tsohon firji yana da iskar sanyaya wadda ke cin rufin ozon da ya ke kare duniya daga zafin hasken rana, ita ce aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987 domin a daina yin ta. Batirin waya na litiyam, in an huda shi ko an danne, ya kan kama da wuta. Batirin mota kuwa shi ne uban tafiya. A Thiaroye, gefen birnin Dakar, inda mutane su ke fasa batura suna tankaɗe ƙasa don neman dalma, yara 18 su ka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, sun gani a 2010, ko da ya ke tasu daga dutsen zinariya ta fito.

Duk wannan ana iya koya wa saurayi mai hankali cikin 'yan makonni: ga abin da za ka kwance da sukundireba, ga abin da ba za ka taɓa da guduma ba, ga safar hannu, ga takalmi, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Wannan koyarwa tana da amfani, ba mai musu. Amma wanda ya ce ita ce maganin abin, bai duba yadda kasuwar ke tafiya ba.

A ɗauki misalin ƙona waya. Cikin wayar lantarki akwai jan ƙarfe, shi ne abin nema, a waje kuma akwai rigar roba. Hanya mafi sauri ita ce a tara wayoyi, a sa tsohuwar taya ko soson firji a cinna wuta. Robar nan ta PVC tana da sinadarin kulorin, in ta ƙone a fili sai ta haifar da wata guba da a ke kira dayoksin, wadda ke sauka a ƙasa, kaji su tsattsaga, ta taru a cikin kitse da gwaiduwa. A 2019 an fitar da sakamakon awon ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, aka tarar wanda ya ci ƙwai guda ya sha gubar nan ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a yini. To, shin masu ƙonawar ba su san hayaƙin yana cutarwa ba? Sun fi kowa sani, su ke tari, su ke kwana da ciwon kai. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. A 2014 wasu ƙungiyoyi su ka kafa injunan feɗe waya a wurin, aka yi murna. Injin ya iya da manyan wayoyi, amma siraran wayoyin cikin mota da na kwamfuta, waɗanda su ne aka fi ƙonawa, su ka gagare shi, ga lada, ga jiran layi, ga wutar lantarki. Hayaƙi ya ci gaba da tashi. Daga baya, wajen 2018 da 2019, aka gwada wata dabara da kuɗin taimako na Jamus: aka buɗe wurin sayen waya da rigarta, a kan farashin da ya ɗan ɗara abin da mutum zai samu in ya ƙona, ana biya nan take ta wayar hannu. Sai ga waya tana zuwa ba a ƙona ba. Mutanen su ne dai na jiya, ba wani sabon wa'azi aka yi musu ba. Lissafi ne ya sake.

Nan ne maganar ta ke. Yaron da ya ke riƙe da guduma ba shi ne ya ke yanke shawarar a ƙona ko kada a ƙona ba. Ubangidansa ne, mai rumfa, wanda ya ba shi jari da safe, ya auna kayansa da yamma, ya san farashin jan ƙarfe na ranar. In an koya wa yaro mako 2, aka ba shi takarda da hular kwano, ya koma rumfar da ba ta da wurin ajiye gilashin dalma, kuma maigidan bai ga ribar ajiye shi ba, to gilashin nan bakin kogi za shi. Saboda haka makarantar da za ta yi amfani ita ce wadda ta fara da masu rumfa da helmomi, ta koya musu riƙon ma'aikata a matsayin sana'a mai zaman kanta.

Me za a koya musu? Babban darasi shi ne cewa matacciyar na'ura kashi biyu ce, akwai abin da a ke biyan mutum in ya kai, akwai abin da shi zai biya kafin a karɓa. Jan ƙarfe da sanholo da baƙin ƙarfe suna da kasuwa a ko'ina. Gilashin dalma da fitilar zaiba da soson firji da robar da aka cuɗa da maganin hana kama wuta, waɗannan ba mai so, zubar da su yadda ya kamata kuɗi ya ke ci. Mai riƙon wuri na ƙwarai shi ne wanda ya iya sanya kashi na biyun cikin lissafinsa tun ranar da ya sayi firjin. Wannan yana bukatar sikeli na gaskiya da littafi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da inda ya tafi. Abin ya yi kama da aikin akawu marar daɗi, amma babu wani kamfani ko banki ko ofishin gwamnati da zai ba mutum tsofaffin kwamfutocinsa in ba zai iya nuna a rubuce inda su ka ƙare ba, balle a tabbata an goge sirrin da ke cikinsu. Littafin nan shi ne ƙofar babban ciniki.

Sai sanin kasuwar nesa. Koren allon da ke cikin waya da kwamfuta yana da zinariya da azurfa, 'yan kaɗan a kowane ɗaya, da yawa in an tara. Japan ta tattara tsofaffin na'urori, har da wayoyi sama da miliyan 6, ta fitar da zinariya kilo 32 da azurfa kilo 3,500, da su aka ƙera lambobin wasannin Olimfik na Tokiyo da aka yi a 2021. Amma fitar da zinariyar nan ba aikin bayan gida ba ne. Masu jiƙa allo a ruwan asid suna asarar rabin arzikin, su ƙone huhunsu, su kashe rijiyar unguwa. Manyan masana'antun narka irin na Hoboken a Beljiyam da na arewacin Suwidin su ke iya tsamo ƙarafa iri-iri daga ciki. Aikin mai rumfa shi ne ya iya rarraba allunan daraja-daraja, ya haɗa kai da 'yan'uwansa su cika kwantena, ya kuma san takardun da yarjejeniyar Basel ta 1989 ta wajabta kafin kaya masu guba su ƙetare iyaka. Wanda bai san wannan ba zai sayar wa dillali da araha har ya tsufa.

A ƙasashen da su ka daɗe da wannan aiki ba a ɗauki riƙon wurin shara abin wasa ba. A Jamus sana'a ce da a ke koyo shekara 3, wani ɓangare a makaranta wani a wurin aiki, da jarrabawa a ƙarshe. A Ingila ba a barin mutum ya riƙe lasin irin wannan wuri sai yana da wanda ya ci jarrabawar gwaninta, kuma a kan sake gwada shi bayan shekara 2. Ba a ce a kwafo wannan tsari sukutum a kai Ankara ko Kumasi ba, don da yawa cikin gwanayen masu rumfa ba su yi zurfi a boko ba, jarrabawar Turanci sai ta kayar da wanda ya fi mai jarrabawar sanin firji. A koyar da Dagbanci da Hausa da Tiwi, a gwada mutum da hannu a gaban na'ura, a lasafta masa shekarun da ya yi yana aikin. Abin da ya kamata a ɗauko daga Turawan shi ne takardar ta zama tana da nauyi, watau mai ita ya sami lasin, ya sami kwangila, wanda ba shi da ita ya ga abin da ya rasa.

Ko da an yi duk wannan, ilmi ba ya biyan kuɗin binne dalma. Gana ta yi doka a 2016, mai lamba 917, wadda ta sa haraji a kan kayan lantarkin da a ke shigowa da su, a tara a wani asusu domin wannan aiki. Tunanin daidai ne, mai sayen sabuwar na'ura ya biya kuɗin jana'izarta tun da wuri. Amfaninsa kuwa yana ga ko kuɗin ya isa hannun wanda ya kawo gilashin da wayar, kamar yadda gwajin nan na sayen waya ya nuna.

Akwai kuma abu na ƙarshe wanda masu tsara makarantu su kan manta, shi ne ƙasar da a ke tsaye a kai. A 2019 gwamnatin Gana da Jamusawa su ka buɗe ɗakin koyar da kwance na'urori a cikin Agbogbloshie, da ɗakin shan magani, da filin ƙwallo, aka fara horar da mutane har da waɗanda za su koya wa wasu. Ran 1 ga Yuli, 2021, hukumar jihar Ankara ta kawo motocin rusau da jami'an tsaro, aka share kasuwar ƙarafan, aka kuma mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Hukuma tana da hujjarta, wurin ya ƙazantu, yana tsakiyar gari. Amma sharar ba ta bi motocin rusau ta ɓace ba. Masu sana'ar su ka watsu, wasu su ka shige lungunan Old Fadama kusa da ɗakunan kwana, wasu su ka bazu cikin unguwanni, inda malamin lafiya da mai koyarwa za su sha wuya kafin su same su. Babu mai rumfar da zai zuba siminti a daɓe, ya gina ɗakin ajiye batura, ya tura yaransa koyo, alhali bai san ko zai kai baɗi a wurin ba. Duk hukumar da ta ke shirin buɗe irin wannan makaranta, ta fara yanka wa ɗalibanta fili da takardar haya mai tsawon shekaru, sa'an nan ta sayo allo da benci.