Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Nasir Idris: Hayaƙin Bola Ya Ishe Mu a Aliero

Mai girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,



Ranka ya daɗe, ɓacin rai ne ya sa na ɗauki alƙalami. Guba muke shaƙa a Aliero, kuma mun daɗe muna shaƙa. Da la'asar ta yi sanyi sai a cinna wa bola wuta, a bayan gidaje, a gefen kasuwa, a bakin hanyar Jega. Ledar fiya-wata ta naɗe ta narke tana ɗiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wutar ta lafa amma jujin ya kwana yana ci ta ciki. In hunturu ne, hayaƙin ba ya tashi sama. Kwanciya yake yi a kan unguwa, ya bi ta tagogi ya iske jariri a kan gadon uwarsa. Da asuba mutum ya fito masallaci maƙogwaro na yi masa ƙaiƙayi, rigarsa na warin roba. Haka abin yake a Jega, haka yake a Maiyama.

Abin da ke cikin jujin nan ya wuce kara da ganye. Akwai leda, akwai gorar lemo, akwai tsohon takalmin roba, da mataccen batir, da robobin maganin feshi da aka dawo da su daga gonakin albasa. Idan irin wannan tarkace ya ƙone a fili, yana fitar da gubar da masana ke kira dayoksin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya haddasa cutar daji, ta raunana garkuwar jiki, ta taɓa haihuwa. Tana sauka a ƙasa da ciyawa, dabba ta ci, ta taru a kitse da nono, mu kuma mu ci. Tun 2011 hukumar NESREA take da dokar da ta hana ƙone-ƙone a fili. Dokar na nan a takarda, mu kuwa muna nan muna tari.

Maganar ta daɗe tana yawo a majalisun gari. Masu ƙonawa cewa suke: to ina za mu kai ta? Wallahi suna da hujja. Matar da ta share gidanta ta cika kwando, ba a nuna mata wurin zubawa ba, ba motar da za ta zo kwasa, sauro da ɓeraye sun dame ta, ashana ce kawai ta rage mata. Ba na ganin laifinta. Laifin yana kan wanda ya bar ta da ashanar.

Wasu kuma, musamman 'yan boko, suna cewa a sayo injin ƙona shara irin na ƙasashen waje. Ranka ya daɗe, ina roƙonka kada ka saurari wannan shawara. Injin da zai ƙone shara ba tare da ya fesa guba ba sai zafinsa ya kai digiri 850, sai da matatar hayaƙi mai tsada, da ma'aikatan da suka ƙware, da busasshiyar shara mai ci da wuta kullum. Wanda aka buɗe a Addis Ababa a 2018 an gina shi ne don birni mai miliyoyin mutane. Sharar Aliero kuwa yawancinta yashi ne, da toka, da kashin awaki, da ɓawon albasa. Wa zai zuba yashi a inji ya ce ya ci wuta? Za a kashe kuɗi ne kawai, a yanke kirtani, bayan damina biyu injin ya yi tsatsa, a koma wa ashana. Sharar asibiti, allurai da auduga mai jini, ita ce ke buƙatar murhu na musamman, kuma ƙarami ya wadatar.

Ni ina tare da manoma. Iyayenmu ba su san shara a matsayin masifa ba, taki suka sani. Da rani za ka ga jakai da mangala suna jigilar juji zuwa gona, kamar yadda manoman kewayen Kano suka yi shekaru aru-aru suna sayen sharar birni. Leda ce ta ɓata wannan tsari. Yau manomi ya kai juji gonarsa, fartanya ta dinga tono leda, ruwa ya kasa shiga ƙasa, saiwa ta kasa ratsawa. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farke tumbin akuyar da ta rame ba gaira ba dalili: dunƙulen leda ne, ya murɗe ya yi tauri, wani har da igiyar buhu a ciki. Ga takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya saye. Muna ƙone takin da muke da shi kyauta, muna shaƙar hayaƙinsa, sannan mu ci bashi mu sayi na buhu. Wannan wace irin asara ce!

Kuma a ce a Aliero ake haka. Garin da albasarsa ke cika manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan har da ƙetare. Albasar da ta ruɓe a rudu ko a kasuwa tuli ake yi da ita, ƙudaje su rufe ta, alhali in an haɗa ta da kashin dabbobi da toka aka bar ta ta ruɓe yadda ya kamata, ƙasa ce mai albarka. Garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, da malaman aikin gona, da gonar bincike a Jega. Ilimin yana bayan katanga, hayaƙin yana gabanta.

Kaura, kowa ya san kai malami ne. Ka riƙe alli kafin ka riƙe mulki, ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya, kuma talakawa sun shaide ka da sauƙin kai da sauraro. Saboda haka abin ya fi yi mana zafi. Malamin da ya san darajar yaro, ta yaya za a ƙona roba kusa da makarantar firamare a jiharsa ya yi shiru? Yaran nan da ke tari a aji 'ya'yanka ne.

Na san za a ce maka kwasar shara aikin ƙaramar hukuma ne. Gaskiya ne, haka Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Kotun Ƙoli ma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To amma kai ne uba. Ka kira shugabannin Aliero da Jega da Maiyama ka zaunar da su, ka tambaye su ina jama'arsu za su zuba shara. Hukumar kare muhalli ta jiha kuma a ƙarƙashinka take, aikinta bai tsaya a Birnin Kebbi ba.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinka ba. A ware fili a wajen kowane gari, nesa da rijiyoyi da fadama. A ba matasa amalanke da kekunan kwasa, a biya su. A raba leda da roba daga shara tun daga gida, a sa masu farashi, 'yan jari-bola za su tsince su tas kamar yadda suka tsince ƙarfe da dalma. Sauran a mai da shi taki tare da malaman jami'a. Bayan an yi wannan, sai a hana ƙonawa, da hannun hakimai da limamai, kuma duk wanda ya cinna wuta a hukunta shi.

Akwai sauran abubuwa: magudanan da leda ta toshe, ga shi ba mu manta ambaliyar 2020 ba, rashin makewayi a kasuwanni, bayan kwalarar 2021, ƙarancin duba-gari, siririyar ledar da Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi baya a 2017. Duk suna jira. Amma hayaƙin nan ba ya jira, yau ma za a kunna shi.

Ranka ya daɗe, mutanen da ke shaƙar wannan guba su ne suka yi layi suka zaɓe ka a 2023, kuma su ne za su sake yin layi. Suna gani, suna lissafi. Bayan lissafinsu akwai na Ubangiji, wanda zai tambayi kowane shugaba amanar da aka ɗora masa. Don Allah, in hanya ta biyo da kai Aliero, ka zo da yamma, ka sa a sauke gilashin mota, ka shaƙi abin da muke shaƙa. Sannan ka ba da umarni kafin hunturu mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Aliero