Auna Kasada: Sai da Kuɗi a Ƙasa

Tambayar mutum ko yana da ƙarfin halin yin kasada ba ta isa ma'auni ba, domin faɗa da baki ba ta jawo asara. A shekarar 2002 wasu masana tattalin arziki a Amurka, Charles Holt da Susan Laury, suka sa ɗalibai zaɓi har sau 10 tsakanin ƙuri'a mai sauƙin haɗari (dala 2 ko 1.60) da mai tsanani (dala 3.85 ko santi 10). Da aka ninka kuɗin sau 20 a takarda kawai, zaɓinsu bai sauya sosai ba. Amma da aka ce biya za a yi da gaske, sai taka-tsantsan ya ƙaru. Saboda haka malamin da zai gwada wannan a aji ya kamata ya ajiye lada na gaske, ko da alewa ce, in ba haka ba cika-bakin ɗalibansa zai auna.