Guzurin Alhaji Da Guzurin Ɗan Makaranta

Duk wanda ya ratsa Goron Dutse a watan Zulƙida zai shaida cewa lokacin tafiya Makka ya ƙarato. Teloli suna ɗinki har dare, maniyyata suna kai da kawowa tsakanin wurin bita da wurin allurar riga-kafi, a gidaje kuwa ana dakan yaji, ana soya dambun nama. Wannan shiri abin yabo ne. Sai dai akwai wani guzuri da ake yawan mantawa da shi, wato abincin da yaran gida za su riƙa tafiya da shi makaranta bayan jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano.

Dalilin tada wannan magana shi ne yadda lokaci ya juya. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, saboda haka aikin Hajji na 2024 da na 2025 duk sun faɗo a watan Yuni, a tsakiyar zangon karatu na uku, wanda a ƙarshensa ake jarrabawar wucewa aji na gaba. Alhajin Nijeriya kuwa yakan yi wata guda ko fiye kafin ya dawo. Ashe ke nan yaro zai shiga jarrabawa mafi muhimmanci a shekara alhali mai dafa masa ɗanwake da sassafe tana Mina.

Wani zai ce ai gwamnati tana ciyarwa. Gaskiya ne Jihar Kano ta soma ciyar da 'yan firamare a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, daga 1999 zuwa 2003, Gwamnatin Tarayya kuma ta fito da nata shirin a 2016, a kan naira 70 kowane yaro a rana. Amma an dakatar da shirin Tarayya a watan Janairun 2024. Abin da sanarwa ɗaya take iya tsayarwa, bai kamata uba ya jingina cikin ɗansa da shi ba.

Abin da aka saba yi shi ne a damƙa wa yaro kuɗin tara, a bar wa kaka ko gwaggo amanar sauran. To, kuɗi a hannun yaro alewa da ƙanƙara suke zama, tsohuwa kuma ba lalle ta iya hura wuta da asuba kullum ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya wuni da yunwa, allo yake kallo, amma hankalinsa yana ƙofar makaranta.

Maganin abin ba shi da wuya, musamman ga ma'aikacin da ya saba da lissafin albashi. Ya ƙirga kwanakin makaranta na tafiyarsa, ya auno wake da shinkafa da garin rogo da mai da gawayi, ya ware mutum ɗaya takamaimai da zai dafa ya zuba a kula, ya kuma sanar da hedimasta wanda za a nema in wani abu ya taso. 'Yan makaranta manya su ma su koyi dafa wa ƙannensu. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano kuwa, ya kyautu malamanta su sa wannan batu cikin darussan bita.

Ciyar da iyali wajibi ne da tafiya ba ta ɗauke shi. Tsarabar dabino da zamzam ba za ta mayar wa yaro shekarar da ya maimaita aji ba. Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya sa su tarar da gida lafiya.