BA DUK MAI KUTSE NE ƊAN YAHOO BA



Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, tun daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. Da zarar an ga yaro ya duƙufa kan kwamfuta yana koyon kutse, sai a fara zunɗe a majalisa, wai ɗan wane ya zama ɗan Yahoo. Wasu marubutanmu ma sun ƙara wa wutar fetur, duk inda gwanin kwamfuta ya fito a littafi, to ɓarawon banki ne. Haba jama'a! Wannan zalunci ne, kuma asararmu ce.

Mai gyaran kwado ya san yadda ake buɗe kowane kwado, amma wa ya taɓa kiransa ɓarawo? Izini ne ya raba su. Haka mai kutsen halak yake, mai gida ne ke kiransa ya nemo kafar da ɓarawo zai bi, a toshe ta. Google da Facebook har lada suke biyan wanda ya gano kafa a manhajarsu ya sanar da su. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, shiga kwamfutar wani babu izini ta haramta, ba koyo ba. Yaro na iya sauke Kali Linux kyauta, ya yi atisaye a TryHackMe, inda aka tanadi kwamfutoci musamman don a fasa.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan ilimi. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da ukun nan namu, don hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Mai POS ya rufe rumfa, mai mara lafiya ya kasa kiran ɗan'uwansa. Ban ce kwamfuta za ta kori ɗan bindiga daga daji ba. Amma ta waya ake cinikin kuɗin fansa, ta waya ake yaudarar iyayenmu su karanto lambar BVN. Wa zai bi sawun waɗannan, in mun kori masu koyo da baƙin suna?

Ku kuma samari, kada ku ba mu kunya. Ranar da ka leƙa WhatsApp ɗin budurwarka ba da saninta ba, ka tashi daga ɗalibi ka koma ɓarawo.

Iyaye, kafin ku yanke hukunci ku tambayi yaro: kwamfutar wa kake shiga, kuma wa ya ba ka izini? In amsarsa ta gamsar, ku saya masa data, ku sa masa albarka.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin.