ƘASAR DA BA TA IYA ƘIRGA ƳAƳANTA BA, WANE IRIN ƳANCI GARE TA?

Duk ministan da ya tashi yin jawabi a ƙasar nan, aljihunsa cike yake da alƙaluma: kashi kaza na yara sun shiga lakwal, ton kaza na hatsi aka girbe, mutum kaza suka fita daga talauci. Mu kuwa namu tafi. Ba mai tashi ya ce: ranka ya daɗe, wa ya ƙirga? Da wane harshe ya yi tambaya? Wa ya koya masa aikin, wa kuma ya bi bayansa ya duba? Ai a nan ƙurjin yake. Ma'aikatan da gwamnati ta ɗora wa binciken halin rayuwar al'umma su ne idanun mulki, kuma shekaru da dama ke nan muka bar idanun nan suna yin yana, muna kallo.

Wanda yake ganin wannan gardamar ƴan boko ce kawai, to ya tuna 2005. Bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, an lissafa giɓin hatsi kimanin ton 223,000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar ƙasa ba. Tsarin gargaɗin gaggawa da aka kafa tun 1989 ya iya auna damina da girbi, saboda haka hankali ya karkata ga yankunan da gonaki suka ƙone. Amma ina yara suka fi zubewa? A kudancin Maraɗi, rumbun ƙasa, wajen Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, inda hatsi ke jibge a kasuwa amma buhun gero ya kai jika 30. Ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara. Ana cikin haka shugaba Tanja Mamadu ya fito ya ce babu yunwa a Nijar.

Ma'aunin bai yi ƙarya ba. Abin da aka ce ya auna shi ya auna. Ya ƙirga damman hatsi, bai ƙirga bashin da manomi ya ci da bazara ya biya da kaka ba. Bai tambayi wa ke riƙe da mabuɗin rumbu ba idan maigida ya tafi cin rani. Bai ga gonakin da suka tsuke ba, har mata suka rasa gamanarsu. Kuma ba a ce ba wanda ya sani: tun 2004 Marthe Diarra Doka, ƴar ƙasar nan, tare da Marie Monimart, suka wallafa bincike a kan yadda ake raba matan kudancin Maraɗi da gona. Sanin yana nan, sai dai bai sami hanyar shiga biron da ake yanke shawara ba.

Giɓin gwaninta na farko yana wajen tambayar kanta. An saba rubuta takardar tambayoyi da Faransanci, wani lokaci ma a ƙasar waje aka tsaro ta. A tara matasa a yi musu horon ƴan kwanaki, a zuba su cikin mota, kowa ya je ya fassara yadda Allah ya nufe shi. Kalmar nasara da ke nufin iyali mai tukunya ɗaya, me za a kira ta a gidan da uba da ƴaƴansa uku masu aure suke noma gandu ɗaya, suna raba tukunya da rani, suna haɗa ta da damina? Manomi ya san dami da tiya, takarda kuwa kilo take nema. Tsohuwa ba ta san shekarar haihuwar ɗanta ba, amma ta san an yaye shi shekarar El Buhari, sai dai yaron da aka aiko bai san 1984 ke nan ba. Ga kuma namijin da za a tura ya tambayi matar kulle zancen haihuwa da ɓari, mijinta na zaune a gefe. Abin da zai fito daga irin wannan zama ba bayani ba ne, amsar sallama ce. In ya shiga kwamfuta kuwa, sai ya fito da kwat da wando, ba mai iya musa masa.

Giɓi na biyu yana wajen nazari. Tara bayani daban, tace shi daban. Zaɓen gidajen da za su wakilci jiha guda, gane amsar da ma'aikaci ya cika yana zaune gindin bedi, haɗa alƙaluman kasuwa da na asibiti don a hango masifa tun ba ta iso ba, duka sana'a ce da ake koyo shekara da shekaru a makarantu irin ENSEA ta Abijan da IFORD ta Yawunde. Ƴaƴanmu sun je, sun kuma ci jarrabawa. Ina suke? Tun zamanin tsuke bakin aljihu da FMI da Bankin Duniya suka ɗora mana, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba, sefa ta faɗi da rabi a 1994. Gwanaye suka bi furoje da ƙungiyoyin waje, kuma ba mai ganin laifinsu. Waɗanda suka rage aka mai da su masu cika takardun baƙo: shi ke kawo kuɗi, shi ke zaɓen tambaya, shi ke aiko ƙwararren da zai rubuta rahoto. Namu ya samu kuɗin zaman taro da takardar shaidar halarta, gwanintar kuwa ta hau jirgi ta koma inda ta fito.

Sakamakon ba ɓoye yake ba. An kafa cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, a 2004, kuma akwai haziƙai a cikinta. Duk da haka, babban binciken lafiya da yawan al'umma na 2017, bayan an kashe kuɗi an zaga ƙasa, ba a fitar da sakamakonsa ba saboda rashin ingancin bayanan. Ƙidayar jama'a, da ya kamata a yi duk shekara goma, mun yi ta a 1977, da 1988, da 2001, da 2012, lokacin da aka same mu fiye da miliyan 17, muna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara. Shekarar 2022 ta zo ta wuce ba a ƙirga mu ba. Sannan a 2025 Amurka ta yanke kuɗin shirin DHS, wanda ya tallafa wa bincikenmu na 1992 da 1998 da 2006 da 2012. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Giɓi na uku ba a makaranta ake cike shi ba, domin na magabata ne: iya jin gaskiya. Wane ma'aikaci ne zai wahalar da kansa ya ƙware, alhali ya san lambar da ba ta yi wa na sama daɗi ba tana iya jawo masa canjin wurin aiki zuwa Bilma? Ƙasar da ta dakatar da aikin MSF a Maraɗi a 2008 ta riga ta koya wa ƙananan ma'aikatanta darasi.

Za a ce mana babu kuɗi, ga yaƙi a Tilaberi da Difa. To, wanda kuɗinsa kaɗan ne ai shi ya fi bukatar sanin inda zai sa su. Za a ce babu mutane. Ƙarya ne! IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, wadda ta gaji cibiyar da Bubu Hama ya shugabanta, tana nan. LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna cewa ƴan ƙasar nan sun iya zama a ƙauye makonni, su saurara da Hausa da Zabarmanci, su fito da aikin da duniya ke karantawa.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A ware kuɗin ƙidaya da manyan bincike cikin kasafin ƙasa. A ba masu bincike matsayi da albashin da zai zaunar da su. A tura ma'aikatan ministoci su koyi aikin fili wajen waɗanda suka iya. Duk ƙwararren da aka ɗauko daga waje, kada a biya shi sai ya bar wanda ya gaje shi. A fitar da kowane sakamako ranar da aka tsaida, ya yi daɗi ko bai yi ba. Kuma tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, to a fara daga takardar tambayoyi: a rubuta ta, a gwada ta cikin harsunan mutanen da za a tambaya.

Ana ta kirarin ƴancin kai dare da rana. Madalla. Amma mai ɗaki shi ya kamata ya san inda yake masa yoyo. Idan sai baƙo ya zo ya gaya maka yawan ƴaƴanka da nawa ne cikinsu suka kwana da yunwa, to gidan naka ne a suna kawai. Allah ya kyauta.